Ranar da Baba ya zo ganin na'ura

A ƙarshen shekarun casa'in na samu aiki a ofishin wata ƙungiyar kula da lafiyar dabbobi a Gumel. Muna da kwamfuta guda da ke karɓar saƙonnin rassanmu na Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ta rediyon oba-oba, ta jera su, ta miƙa wa kowa nasa. Mai kula da ita wata Madam ce daga Filato. Ni kuwa nawa shi ne share ta da ta da janareta, amma mutanen garinmu sun ɗauka ni ke sarrafa ta.

Wata safiya Baba ya kawo shanu kasuwa, ya biyo ofis da amininsa.

"Ɗan nan, nuna wa baffanka abin da kake tuƙawa," in ji shi.

A lokacin Madam ta fita. A 'yan kwanakin ne aka sa wa na'urar wani shafi mai nuna layin saƙonni, amma sai an kunna shi da umarni. Na sha ganin Madam tana yi. Na zauna a kujerarta na buga. Na'ura ta ce ba ni da izini. Na sake bugawa, ta maimaita. Dattawan biyu na tsaye a kaina, sun tuɓe takalma kamar sun shiga masallaci.

Sai ga Madam. Ta dubi allon, ta dube ni, sannan ta durƙusa ta gaishe su da Hausarta ta Jos.

"Matsa kaɗan," ta ce a hankali.

Ta buga kalmar sirrinta, shafi ya buɗe, kowane reshe da layinsa. Baba ya tambayi wanne ne na garinmu, Sule Tankarkar, ta ɗora masa yatsa a kai. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya juya gare ta.

"Ashe ke ce malamarsa. To ga amana, ki koya masa."

Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Na raka su bakin titi kaina a ƙasa, Baba na ta hirar tsadar dusa. Da na dawo na ɗauki tsummana, Madam ta karɓe shi, ta jawo min benci kusa da ita.