Haƙorin Makkar Inna

Shekarun baya, a farkon shekarun sittin, ina koyarwa a Malumfashi, na je ƙauyenmu kusa da Maska lokacin kakar auduga. Na tarar mahaifiyata ta daina cin goro, kuma in za ta yi dariya sai ta ja mayafi ta rufe baki.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Kai dai ci tuwonka."

Ƙanwata ce ta tona. Wani kumburi ne kamar ƙwayar gurjiya ya fito mata a dasashi, daidai saman haƙorin Makkarta. Wanzami ya tsaga shi sau biyu, ruwa rawaya ya fito, ya sake cika.

Da ƙyar ta yarda muka hau jirgin ƙasa daga Funtua zuwa asibiti a Zariya. Likita ya ce haƙorin da ke cikin zinaren ya mutu, ruwa ya taru a wata 'yar jaka a gindinsa. In ba a cire shi ba, zai ci ƙashin muƙamuƙi.

Inna ta miƙe ta gyara mayafi. "Gaya masa na gode. Mu tafi."

A barandar asibiti na buɗe mata lacca kamar ina gaban ɗalibai. Har cewa na yi aikin Hajji ba a baki yake ba, ko babu zinare Hajiya ce.

Ta bari na gama tsaf. Sannan ta ce, "Malam sarkin bayani. Wa ya ce maka sunan nake ji? Ubanka ne ya riƙe mini kai aka sa shi, yana yi mini dariya wai na cika raki."

Mahaifina a hanyar dawowa daga Hajjin nan ya rasu, a Sudan. Ba mu san inda kabarinsa yake ba.

Na koma na tambayi likita ko za a ba ta haƙorin in an cire. Ya ce ai nata ne. Da na gaya wa Inna, sai ta yarda.

Har yau, in na ga tsoho yana gudun asibiti, nakan fara tambayarsa me yake tsoron rasawa.

An cire haƙorin da jakar, kumburin bai sake dawowa ba. Wani maƙerin farfaru, mai ƙera zobba da awarwaro a Funtua, ya ɗora mata zinaren a kan zobe. Yana yatsanta har ta rasu.