Jikata Mai Kiwon Sauro

Ka taɓa ganin mai kiwon sauro? To ni a hannuna ta tashi, 'yar babban ɗana ce. Ba-komai muke ce mata, don ko takalminta ka zura ka fita, abin da za ta ce ke nan. Ƙannenta ma juya ta suke yi.

Da karatu ya yi nisa sai ta shiga cikin masu bincike. Wani ɗaki ne mai ɗumi, an jera akwatunan raga, tana ba sauro ruwan sukari, tana duba wane magani ne ya daina kashe su. Na ce mutane na kora, ke kina reno.

Mutanen wurin suna da wani hali. Duk mako ɗaya zai miƙe ya faɗi abin da ya gano, sauran su yi masa ca: ya aka yi ka sani? Farkon tsayuwarta da kuka ta dawo. Daga baya sai ta riƙa zaunar da ni a bakin gado.

"Kaka, ki musa min."

"In musa me? Me na sani a sauro ban da cizo?"

"Ke dai duk abin da na faɗa, ki ce ƙarya ne."

Wannan kam na iya. Da kakanta na raye, da ya ba da shaida.

Ashe malaminta da wani babban malami ba sa shan inuwa ɗaya, kowa na cewa shi ya fara binciken. Malamin nata na yin tafiya, wancan ya ce a fitar da akwatunanta, ɗalibansa za su sa nasu. In an fitar sauron sun mutu, wahalar shekaru ta tashi a banza.

Ranar taron mako ta ɗaga hannu, ta dubi babban malamin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, rigimarku ta girme ni. Ni dai ga abin da aikina ya nuna." Ya jefo tambaya ta amsa, ya ƙara ta amsa. Wata kuma ta ce ba ta sani ba tukuna, don haka ma take buƙatar ɗakin.

Ɓangare ɗaya na ɗakin suka bar mata, can bayan ƙofa. Da ta kira ni na ce ya mutumin naki?

Ta yi dariya. "Har yau ba ya amsa gaisuwata, Kaka. Amma sauron sun yi ƙwai. Bari in je in duba su."