Kwana Biyun da Na Hana Baba

Mahaifina doya yake sayarwa a Salaga. Shekarar da na fara koyarwa a Bawku, na je masa hutun mako guda. Kullum abu ɗaya muke yi: mu sha koko da ƙosai, mu zauna a rumfarsa yana ware doyar da ta fara ruɓewa, bayan la'asar mu koma gida. A kwana na biyar zaman ya ishe ni, sai na ce masa ana nemana a makaranta. Ƙarya na yi, bikin abokina zan tafi a Yendi.

"To, aiki ya fi zama," in ji shi. Ya zaɓo mini manyan doya uku, ya rako ni har tasha.

Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi. Idan na zauna kusa da shi yakan gaishe ni kamar baƙo, ya tambaye ni daga wane gari nake. Na sha buɗe baki zan gaya masa gaskiya, amma na rasa yadda zan roƙi gafarar mutumin da bai san ni ba.