Ga Maigidana, Wanda Ya Tafi da Tsohon Layi a Kansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuli, Allah ya karɓi ranka a gadon asibiti, maigida, bayan ciwon zuciya da bai ja ka da nisa ba. Ban samu jana'izarka ba. Autarka ma ba ta samu ba, kuma tun da a jirgina take, ni ya kamata in faɗi dalili.

Amma alherinka tukuna, don ka yi shi. A hannunka na koyi tuƙin jirgin ƙasa. Kai ka nuna mini yadda ake taɓa birki ba tare da ruwan kofin fasinja ya zube ba. Ranar da na zarce dandamalin tasha, gumi ya karyo mini, ka shiga ofis ka ce birkin a hannunka yake, aka yi maka faɗan da ni ya dace a yi wa. Na ga ka riƙe jirgi saboda wata tsohuwa mai jan ƙafa, shugaban tasha yana ta busa usur kamar zai haɗiye shi, ka leƙo ka ce, "Busa a hankali, kai ma tsufan yana tafe." Da ɗana ya kwanta rashin lafiya, kai ka riƙa karɓar mini aiki har ya miƙe. 'Ya'yanka Kawu suke ce mini.

Abu ɗaya ka hana ni, shi ne sanin tsohon layi. Duk sa'ad da jirgin kaya ya goce daga kan dogo ya toshe babban layi, jiragen fasinja ta nan suke zagayawa, hanya mai gangara da kwana da gadoji da suka gaji. Doka ta ce direba ba ya bin layin da bai sani ba sai da ɗan jagora a gefensa, kuma ba a yarda ya sani sai masani ya shaide shi. Tsofaffi suka ƙare, ya rage kai kaɗai. Har bayan ritaya kai ake aiko wa mota, kuma na san yadda kake son motar nan. Sai ta daɗe tana hon kafin ka fito kana gyara hula, don unguwa ta gani.

Na bi layin nan da kai sau ba adadi. Da mun doshi wuri mai wuya sai ka tura ni bayan inji in nemo wata ƙara da kunnenka kaɗai ya ji. In ofis ya tambaye ka, ka ce, "Yaron bai nuna ba tukuna." Yaron har furfura ya yi bai nuna ba. Su kuma na ofis ba su matsa ba, aiko maka da mota ya fi musu sauƙi.

Ranar Talata jirgin siminti ya goce, taragai suka kwanta a kan babban layi. Aka tsai da ni a mahaɗa, daidai inda tsohon layi ya rabu, tsakiyar daji, ruwan sama kuma ya cinye hanyar mota. Ina zaune sai ga autarka ta sauko daga taragon fasinja tana tuntuɓe a kan tsakuwa har gindin inji. Daga bakinta na ji an kwantar da kai.

"Kawu, ga layi nan a buɗe," in ji ta. "Ai ka sha binsa. Likita ya ce in zo yau."

Na kira ofis, suka ce sai da shaidarka. Ta kira mahaifiyarta, aka kara maka waya a kunne, ina ji.

"Baba, ni ce. Ina jirgin Kawu. Ka ce musu ya san hanya, su bar shi ya kawo ni."

Muka daɗe muna sauraron numfashinka.

"Bai sani ba," ka ce. "Ku jira ni."

Gaskiya ka faɗa, maigida, kuma abin da ke cin raina ke nan. Da na shiga gangaren nan da taragai cike da mutane, wataƙila da jana'izar ba taka kaɗai ba ce. Sai dai gaskiyar nan kai ka gina ta da hannunka, shekara da shekaru, ka kuma jingina ta a kan 'yarka.

Muka jira ka. Ruwan sha ya ƙare, yara suka yi kuka har muryarsu ta dushe, fasinjoji suka zage ni tas. Washegari wayarta ta yi ƙara. Ba ta yi ihu ba, ta zauna a kan ƙarfen tsohon layin, ta juya mini baya. Kafin a ɗauke taragan simintin, an riga an rufe ka. Maiɗakinka ta ce duk wanda ya turo ƙofar ɗakin asibiti sai ka ɗago ka ce, "Ta iso?"

Yanzu ofis ya rufe tsohon layi, tun da babu mai shaida. Autarka kuwa har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Na ƙaunace ka, ina kuma jin haushinka, na rasa wanda zan ajiye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ita autar in ta yarda ta karɓa. Allah ya ba su haƙurin rashi, ya sanyaya mata zuciya. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya sa alherin da ka bayar ya rinjayi wanda ka riƙe. Ka hau hanyar da ba ka taɓa bi ba, maigida. Allah ya ba ka ɗan jagora, kada ya ce ka jira. Amin.