Faretin Ƙanena

Ƙanena yana da shekara tara zawo ya kama shi, ya ƙi tsayawa. Damina ta wuce, kaka ta wuce, yaro sai ramewa yake yi. Daga nan ƙafafunsa suka fara mutuwa. Wata Lahadi muna dawowa daga coci, silifas ɗinsa ɗaya ya fita a hanya, ya taka har gida bai sani ba. Dariya na yi ta yi masa.

Babanmu tsohon soja ne, kamar yawancin dattawan layinmu a unguwar Rikoto ta garin Zuru, kuma a wurinsa ciwon da ba ya fitar da jini ragwanci ne. Sai ya sa masa fareti: kullum da safe, daga bakin ɗaki zuwa gindin mangwaro, sau goma.

"Ɗan soja ba ya jan gindi. Tashi! In ka hwaɗi, babu nama."

Ni aka sa ƙirga. Mama ta riga ta hana shi wake da ƙwai da gyaɗa, wai suna tayar da ciki, sai kunu tsararo. Tsokar nan ɗaya ta cikin miya ita kaɗai ta rage masa, kuma duk ranar da ya faɗi, ni ake ba. Ba zan yi ƙarya ba, jiran faɗuwarsa nake yi. Akwai ranar da ya kai goma da ƙyar, na ce wa Baba tara ne. Ƙanena ya tashi ƙara ɗaya, ya kife a tsakar gida. A gabansa na cinye naman, har da lasar yatsu.

Sai da hannunsa ya kasa riƙe ludayi Baba ya yarda muka kai shi babban asibiti a Sakkwato. Likita ta ce hanjinsa ne ya daɗe da ciwo, abinci ba ya zama, jijiyoyinsa kuma sun kumbura, yunwa ta ƙara musu. Ta ce da an zo da wuri, da ƙafafun sun fi samun sauƙi. Sannan ta sunkuya wajensa.

"Yaro, kana cin nama a gida?"

Ya ɗago ya dube ni. "Yaya ce ka ci mani."

Baba ya zuba wa takalmansa ido.

Allurai da magunguna sun dawo masa da hannuwa. Ƙafafun ba su dawo ba. Yanzu a keken guragu yake, yana gyaran waya a bakin kasuwar Zuru, kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Da ma ya zage ni, da na huta. Duk Kirsimeti in aka zuba mana abinci, sai ya sa cokali ya turo namansa gefena, ya ce, "Ci, Yaya. Yau ma ban kai goma ba."