Na'urar Tana Kan Gwaggo

Assalamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba. Masu tambaya ko jego ne ya ɓoye ni, eh, jego ne, amma ba irin wanda kuke zato ba.

Na haihu lafiya a Kankia. Haihuwar fari ce, don haka aka maida ni gidanmu a Kaikai wankan jego. Ƙanwar Baba, Gwaggo Talatu, ita ke yi wa duk 'ya'yan gidan wanka, kuma a ɗakinta aka sauke ni.

Mijina Auwal a Kano yake aiki. Ranar suna ya zo da wani ɗan bel na roba mai na'ura, wanda ake ɗaurawa a goshi. Yana auna zafin jiki da bugun zuciya, ya tura wa wayata, wayata ta tura wa tasa. Ya ce, "Ko ina Kano, kamar ina gefenki ne." Har daɗi na ji, Allah ya sani.

Bayan ya koma na fara jin sanyi. Mara ta riƙe, jinin biƙi ya canza wari. Na'urar ta fara ƙara, Auwal ya fara kira. Da safe kira, da rana kira, kullum a ba shi Gwaggo.

Gwaggo ta gaji. Ta ce, "Mi ya sani? Mai jego ai zahi aka nema a jikinta. Ruwan da nika tahwasawa na banza ne?"

Dama ana cire bel ɗin lokacin wanka. Rannan da na fito, ba ta mayar mini ba. Ta ɗaura a goshinta, ta ja ɗankwali ta rufe. Ta ce, "To, ya gani ya kwantar da hankalinai."

Kuma ya kwantar.

Da yamma ya kira yana murna. Na ce, "Jikina fa ba daɗi." Ya ce, "Haba Rukayya, ga shi ina gani, komai ya daidaita. Gajiya ce." Gwaggo tana zaune kusa da ni tana ɓare gyaɗa. Ku gaya mini, wace 'ya ce za ta kai ƙarar ƙanwar ubanta wurin miji, a gabanta?

Washegari na sake faɗa masa, haƙorana na haɗuwa. Ya turo mini hoton wayarsa, layi kore shar. Lafiyar tsohuwa yake nuna mini a matsayin tawa. Wannan hoton ya fi ciwon ƙona mini rai, har yau.

Aka ci gaba da wanka da tafasasshen ruwa, ana ɗura mini kunun kanwa ina amayarwa. Nono ya ɗauke. Jaririya tana kuka, ni ko juyawa ba na iyawa.

Innata ce ta cece ni. Ni ce 'yarta ta fari, saboda kunya ko sunana ba ta faɗa, ɗakin ma ba ta shiga sai dai ta aiko da abinci. Da ta ga kwano yana dawowa yadda ya tafi, ta ɗaga labule ta shigo. Ta ɗora tafin hannunta a goshina, ta ɗauke da sauri. Ta ce, "Rukayya!" Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Ta fita tsakar gida ba mayafi tana kiran a nemo mota.

A asibitin Kankia suka sa mini ruwa, suka ce abin ya fi ƙarfinsu, a wuce Katsina. Hanyar ban san yadda aka yi ta ba.

Abin da nake tunawa shi ne fitilar silin, da allura bayan allura, da robar fitsari. An ɗebi jini, an yi hoton ciki, aka shiga da ni tiyata. Yayyena biyu da muke uba ɗaya suka ba da jini. Baba ya sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa, ga damina ta kama.

Likitar mace ce, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce guntun mabiyiya ne ya rage, ya ruɓe, cutar ta shiga jini. "Mun yi ƙoƙarin ceto mahaifar, ba ta cetu ba, dole muka cire ta. Da kun zo tun zazzaɓin farko, wankin ciki da allurai sun isa."

Tun zazzaɓin farko. Wato ranar da na'urar ta fara ƙara.

Auwal ya yi kuka a bakin gadona, ya ce bai sani ba. Gaskiya ne, bai sani ba. Amma na faɗa masa da bakina, ya zaɓi ya yarda da waya. Gwaggo ta zo dubiya, ta ce haka Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara. Ban dai iya kallon fuskarta ba tukuna, kuma kada wanda ya yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan.

Yanzu ina tafiya da ƙafata, ɗinki ya warke, ina iya goya 'yata. Alhamdu lillahi. Na gode wa ma'aikatan da suka tsaya a kaina, da yayyena, da Baba, da Inna.

Mata, in kin haihu kika ji zazzaɓi, ko ciwon mara, ko jini mai wari, ba zafin wanka ba ne, ki tafi asibiti a ranar. Kunya ba za ta kwanta gadon tiyata a madadinki ba. Masu sayen irin wannan na'ura, tana aiki, tawa ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta san kan wa take ba. Maza, in matarka ta ce ba ta da lafiya, ka ajiye waya ka hau mota.

Har yanzu ana zuwa barka. Kowa ya ɗauki yarinyar sai ya ce, "Allah ya raya, ya kawo ƙanne." Ina cewa amin, don ban san abin da zan ce ba.