Ranar da Sakata Ta Cije wa Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, ya yi aiki a ofishin likitan dabbobi, amma bai taɓa yi wa dabba allura ba. Aikinsa shi ne wanda kowa ke gudu. In kare ya haukace, ko mota ta karya wa jaki baya, shi ake kira. Zai zo a kan kekensa da bindiga naɗe cikin buhu, ya sa a kori 'yan kallo, ya gama, ya tafi. Mutane suna ce masa Sau Ɗaya, don ba a taɓa jin ya maimaita harbi ba. Ba ya son sunan. Ranar da ya yi aiki, matarsa Inna ruwan wanka kawai take kai masa, ta san ba zai ci komai ba.

Bindigar ta ofis ce, tsohuwa, irin mai sakata: wani ƙarfe mai ɗan mariƙi a gefen dama, a ɗaga shi a ja baya ya tofar da kwanson harsashi, a tura gaba ya ɗauki sabo. A hannun Kawu, kafin ka kifta ido an yi wannan.

Da wata damina ya fara cewa sakatar ta yi nauyi. Ya shimfiɗa buhu a bakin ɗakin ajiya na ofis, ya zare ta, ya jiƙa a kananzir, ya goge da tsohon burushin haƙori, ya ɗiga mata man keken ɗinki. Ba ta sake ba. Ya ɗaga bututun yana leƙawa ta hasken rana ko tsatsa ce, bai ga komai ba. Ya ce to katakon ne ya sha danshi ya kumbura, ya sassauta notin da ke riƙe da shi. Daga baya ya koma zargin harsasai, wai sun kwana biyu a akwati.

Ana cikin haka wani dokin amalanke ya faɗa kwalbati a hanyar kasuwa, ƙafafunsa na gaba suka karye. Mai shi wani dattijo ne, yana tsugune yana shafa masa wuya. Kawu ya sa aka janye dattijon, ya saita, ya ja kunama. Hancin bindigar ya ɗan sunkuya, harsashin ya shiga ƙasa da inda ya nufa. Dokin bai mutu ba. Ya dinga shure-shure yana wani irin kuka, jini na bin kwalbatin. Kawu ya kai hannu ga sakata, ta ƙi ɗagawa. Ya doke ta da tafin hannu, ta ƙi. Sai da ya kafa gindin bindigar a ƙasa, ya taka mariƙin da diddigen takalmi, mutane na kallo, sannan ya samu ya sake harbi. Da komai ya lafa, dattijon ya matso ya ce a hankali, "An ce min ba zai ji zafi ba."

Washegari Kawu ya kai bindigar wurin ƙanin Inna, mai gyaran makullai da kekunan ɗinki, wanda ofis ke ba ƙananan gyare-gyare. Mutum ne mai tsokana. Ya ce bindiga ai ta biyo mai ita, kowa gwiwa ta ƙage. Yana dariya ya sa yatsa biyu ya ɗaga sakatar, ya ja, ya tura. Sumul. Ya sake, ya sake. Suka zaga bayan gari ya harba a gindin wani tudu, kwanso ya fita ba gardama. Ya miƙa wa Kawu, ta cije.

Dariyar ta ɗauke. Ƙanin Inna ya karɓi bindigar ya jingine, ya miƙa hannunsa.

"Yaya, matse min hannu."

Kawu ya kama.

"Matse mana da ƙarfi."

"Ai na matse," in ji Kawu.

Inna ba ta yi mamaki ba da ƙaninta ya faɗa mata. Ta ce ta daɗe tana ganin kofi na suɓuce masa, maɓallin riga na gagararsa, takalmin dama ya fi cinyewa a baki. Ta yi magana sau ɗaya, ya ce sanyi ne.

Ya mayar da bindigar ofis da kansa, ya gaya wa likitan cewa lafiyarta ƙalau, kada a ɓata lokaci wajen gyara. Asibiti kuwa ya yi ta cewa gobe. Kafin goben ta zo, wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Yana nan da rai. Magana tana fita da ƙyar, amma hankalinsa garau. In na je gaishe shi muna hira har a kawo abinci, sai Inna ta yi min ido in fita. Da hagu yake ci yanzu, kuma ba ya yarda kowa ya gani.